Farar Hanta a Randar Bala

Ƙofar 'Yandaka, Katsina
Litinin, tara ga watan Rajab

Zuwa ga jikata Halimatus Sa'adiyya, mai sunan uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan sallama, ina gaishe ki gaisuwar tsohon da ya daɗe bai ga fuskar jikarshi ba sai a gilashin waya. Ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Salahuddeen da 'yar ƙaramar Lailatu. Yaya sanyin ƙasar Sin, yaya karatu, yaya haƙuri da nisan dangi? Allah ya ba ku lafiya mai amfani, ya tsare ku daga abin ƙi, ya sa ki gama abin da ya kai ki, ki dawo mu gan ki ido da ido kafin a kira mu. Mu nan sai godiyar Allah. Mahaifinki Haliru yana nan ƙalau, ya koma Jibiya wurin aiki. Innarki ta tashi daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, har ta koma yin faɗa da masu tallar itace, kin san ta warke ke nan. Goggonki Saudatu ce ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa. Na ce mata abin da ya fito daga bakina shi za ta rubuta ko bai yi mata daɗi ba, in ta gama kuma ta karanto mini tun daga farko. Ta ce me zai hana in yi miki magana ta waya kamar kowa. Na ce wannan maganar so nake a ajiye ta.

Na san ƙafar za ki fara tambaya. Gyambon babban yatsan ya fara haɗewa, ina zuwa wanki duk bayan kwana biyu. Allurar nan kuma da na ce ba za ta taɓa fatata ba, yau sati uku ke nan Saudatu na yi mini ita safe da yamma. Kada ki yi murna da yawa, fura dai ban bari ba, sukarin kawai na yarda aka cire. Likita ya sa an yi mini hoton ciki, ya ce hantata ta tara kitse. Na ce mashi shekara arba'in da ɗoriya ina duba hantar kifaye a kasuwa, yau ga shi an zo kan tawa.

Uwata, kin tuna bara da kika roƙe ni in lissafa miki duk wanda na sani a zuriyarmu da ya yi fama da ƙishirwa da yawan fitsari, ko rama, ko ciwon da ya ƙi warkewa. Kika ce ni kaɗai na rage da na san kakanni har hawa huɗu. Na yi miki faɗa, na ce gidanmu babu ciwon gado, na kashe wayar. Ba ki ƙara tayar da maganar ba, kuma na ga tarbiyyarki a nan. To yau zan ba ki amsa. Amma sai kin fara jin abin da ya sa na ƙi, domin ba taurin kai ne kaɗai ba, ko da yake akwai shi.

Bayan ƙafar nan ta kwantar da ni kika aiko da dogon saƙon murya, na sa Saudatu ta kunna mini shi sau uku. Ga yadda na fahimta, in na karkace ki gyara. Kin ce a ɗakin bincikenku kuna kiwon wasu 'yan kifaye da ba su kai ɗan yatsa ba. Kin ce kowane mai rai yana karɓo wasu ƙwayoyin gado daga uwa da uba, kuma wasu daga cikinsu aikinsu shi ne su gaya wa hanta yaushe za ta ajiye kitse, yaushe za ta ƙona shi. In kuka taɓa guda a jikin kifi, sai hantarshi ta yi ta tarawa, alhali ruwa ɗaya yake da 'yan uwanshi, abinci ɗaya suke ci. In kuwa hanta ta cika da kitse, sai jiki ya daina jin kiran insulin, wanda kika ce shi ke ƙwanƙwasa ƙofa don sukari ya bar jini ya shiga inda ake bukatarshi. Yana ta ƙwanƙwasawa, mutanen gidan sun kurumce, sukari ya yi ta yawo a jini yana ɓarna. Kin kuma ja mini kunne cewa kifi ba mutum ba ne, kada in ɗauka komai daidai yake, hanyar ce dai take kama. Gaskiya da farko dariya na yi. Na ce wa Saudatu an kai yarinya ƙarshen duniya ta koyo abin da kakanta ke jefa wa kyanwa.

Sai ta nuna mini hoton da kika haɗo da saƙon. Hanta biyu a jere an ƙara musu girma, ɗaya ja wur, ɗaya fari-fari kamar man shanun da ya kwana. Na karɓi wayar na kai ta kusa da idona, na daɗe, sannan na ce ta kashe. Ranar ban ci abincin rana ba, suka zaci ƙafar ce ta motsa. Ni kuwa na san farar hantar nan. Na taɓa riƙe irinta a tafin hannuna, na ɗaga ta sama a tsakiyar kasuwa, na yi rantsuwa a kanta.

Ba ki san yayana Bala ba. Ya rasu shekarar da aka ba Katsina jiha, lokacin mahaifinki ko aure bai yi ba. Rumfarmu ɗaya da shi a layin 'yan kifi, tun muna tsohuwar kasuwa. Mutum ne mai jiki, mai dariya da ƙarfi, in yana ciniki ana jin shi daga layin mahauta. Yana da wata dabara da ba kowa ke yi ba. In masunta suka kawo tarwaɗa da rai daga dam ɗin Ajiwa, sai ya ware ƙananan ya zuba a manyan randuna uku bayan rumfa, ya riƙe su har lokacin da kifi ya yi wuya a gari. A shekarar nan ya fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ya rame har riga na yawo a jikinshi. Sai ƙayar kifi ta soke shi a ƙafa a bakin randa, 'yar ƙaya wadda mu kullum muke takawa. Wurin ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya fara hawa. Aka yi na gargajiya, aka sha rubutu, babu sauƙi. Wani mai duba da aka kawo daga ƙauye ya ce sammu ne, an ajiye mashi abu a wurin sana'arshi, kuma wanda ya yi yana kusa, kullum suna gaisawa.

Rumfar da ke jikin tamu ta wani ce Nu'uman, ɗan Ƙofar Sauri, sa'ana, tare muka koyi riƙe wuƙa. Kafin zuwan mai duban, wata safiya na zo da wuri na same shi tsugune a bakin randunan Bala yana zuba wani abu daga ƙwarya. Ya ce mini sauran tuwo ne da ƙanzo da dusa, matarshi Rahmatu ke tara mashi, yana ba kifayen tun da Bala ya kwanta don kada su mutu a haɗa mashi ciwo da asara. Har godiya na yi mashi. Amma da mai duba ya yi maganarshi, sai zuciyata ta koma kan ƙwaryar nan ta ƙi tashi. Na je na kamo tarwaɗa goma daga randa, na feɗe su a gaban 'yan layi. Mu 'yan kifi da hanta muke gane lafiyar kifi, shi ne abin da aka fara koya mini: in ja ce mai sheƙi, kifi lafiyayye ne. Shida daga cikin goman nan hantarsu fara fat, ta kumbura, tana narkewa a hannu. Tun da muke babu wanda ya taɓa ganin haka a cikinmu, domin kifin dam muka sani, shi kuwa ba ya samun abin da zai ƙoshi har ya ajiye. Wani dattijo ya tambaya to sauran huɗun fa. Na ce su ne asirin bai kai kansu ba. Na ɗaga hantar na rantse da Allah Nu'uman ne ya cuci ɗan uwana. Yana hawaye yana ta maimaita cewa tuwo ne kawai, a je a tambayi Rahmatu. Kwana tara bayan nan Bala ya cika. Ba a kai Nu'uman gaban kowa ba, babu wanda ya taɓa shi. Mutane dai suka daina sayen kifinshi, suka daina miƙa mashi hannu, har ya kwashe kayanshi da kanshi. Shekara talatin da takwas ke nan. Duk wanda aka haifa a gidanmu da labarin nan ya tashi, kuma daga bakina ya ji shi.

Kin ga dalili. In na yarda ciwon Bala na gida ne, na yarda ke nan na yi rantsuwa a kan mutumin da bai yi komai ba. Na gwammace gidanmu ya zauna a matsayin wanda aka cuta.

Ban yarda da hotonki haka kawai ba, ni ba a yi mini haka. Da ƙafa ta bari na taka, na sa aka kai ni wurin baffanki Siddiq, ɗan Bala, wanda ke riƙe da rumfarmu a Babbar Kasuwa yanzu, yana kuma kiwon kifi a tankunan siminti a bayan gidanshi. Kin san na ajiye wuƙa tun kafin kifin kiwo ya cika gari, kuma na ƙi shi tun ranar farko, ban ci ba ban taɓa ba, ina cewa wanda bai san ruwan Allah ba ba kifi ba ne. Na ce ya kamo mini goma daga tanki ɗaya, masu cin abinci ɗaya. Ya tambaye ni cikin tsokana ko tuba na yi yau zan ci kifin siminti. Na ce ya miƙo wuƙa ya rage surutu. Hannuna bai manta ba. Bakwai suka fito fari, uku ja. Siddiq ya leƙo ya ce ai wannan ba wani abu ba ne, kullum haka suke gani in kifi ya ci ya ƙoshi, wasu su yi wasu su ƙi, su ma ba su san dalili ba, zubarwa suke yi. Yana ɗan shekara shida ubanshi ya rasu. Abin da ya sani kawai shi ne an ga alama a cikin kifi, ba a taɓa gaya mashi kamanninta ba. Na ce ya zauna. Na gaya mashi wannan da yake zubarwa kullum ita ce alamar. Sai ya ce shi tun yana saurayi yake canza sahu a masallacin Juma'a in ya hango Nu'uman. Ya wanke hannu ya shige cikin gida, bai raka ni ba.

Na san abin da za ki ce, don likita ma ya faɗa da na tambaye shi: babu mai auna jinin wanda ya daɗe haka a ƙasa, saboda haka ba a iya cewa tabbas ga abin da ya kashe Bala. Na yarda. Kuma har yau ban ce babu sammu a duniya ba, akwai shi, na ce wa Saudatu ta rubuta haka da kyau. Amma shaidar da na rantse a kanta hanta ce, ita kuwa na ga ta faɗi da idona. Ƙishirwar Bala ina jin ta a maƙogwarona, gyambonshi kuma yana ƙafata.

Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, na tafi Ƙofar Sauri. Sau biyu ina ce wa mai adaidaita ya juya, sau biyu ina cewa ya ci gaba, har ya tambaye ni ko in sauka in gama shawara. Na sami Nu'uman a ƙofar gida kan tabarma yana tufka igiya. Bayan ya bar kasuwa ya yi ga-ruwa, ya yi sayar da itace, yanzu ido ya yi rauni, 'ya'ya ke riƙe da shi. Na yi sallama ya amsa, ya ce ya san muryar nan, amma ya zaci mai ita ya manta hanyar unguwar. Ya turo mini gefen tabarma, na ƙi, na zauna a ƙasa. Na gaya mashi komai, tun daga 'yan kifayenki har wuƙar gidan Siddiq. Bai katse ni ba, igiyar ma bai ajiye ba. Da na gama ya yi 'yar dariya, ya ce ashe dai ban yi ƙarya duka ba, shi ne ya farar da hantar, tuwon Rahmatu ne ya yi yawa. Ya tambaya ko sai da jikata ta je Sin sannan na ji abin da shi ya faɗa mini a tsohuwar kasuwa da Hausa. Na ce na zo ne ya yafe mini. Ya ce Bala kam, ko da ya yarda da maganar mai duba, shi ya yafe mashi tun ranar jana'iza, wadda ya bi daga nesa, domin mai ciwo duk abin da aka miƙo mashi kamawa yake. Amma ni da lafiyata na rantse, kuma ba a ƙofar gidanshi na yi ba. Ya ce a gaban 'yan kifi na ɗaura mashi, a gabansu zan kwance.

Uwata, kwana huɗu na yi ina juya maganar nan. Kin san ni. A layin nan ni ake tambaya wa ya fara kafa rumfa, wa ya gaji wa, wace shekara ruwa ya janye har masunta suka zauna, in na faɗa babu mai ja. In na tsaya na ce na ɓata babbar magana, wa zai ƙara yarda da ni a ƙanana? Mahaifinki ya ji labari ya bugo waya, ya ce in bari, waɗanda suka ga abin duk sun riga mu gidan gaskiya, tonawa ba za ta ƙara komai ba sai kunya. Na ce mashi mutum biyu sun rage, kuma su ne masu maganar.

Jiya Lahadi da safe, lokacin da layi ya cika, na je. Na aika wa Nu'uman, amma ban san yadda zai zo ba. Sai ga Siddiq ya shigo da shi a bayan babur, ya sauke shi, ya riƙe hannunshi har kan bencin Bala. Ban san sun haɗu ba, har yanzu kuma bai gaya mini abin da suka ce wa juna ba. Na feɗe kifi na ɗaga hantar kamar yadda na ɗaga waccan. Na faɗi sunana da na ubana. Na ce rantsuwar da na yi a shekarar jiha ƙarya ce, ban san ƙarya ce ba amma ƙarya ce. Na ce Nu'uman ciyar da kifin ɗan uwana ya yi, ni kuma na saka mashi da abin da suka ji daga iyayensu. Yawancin masu sauraron ba a haife su ba lokacin. Wata mata ma tana ta tambaya ko za a yanka mata nata ne ko sai an gama wa'azi. Amma sun ji.

Nu'uman ya miƙe ya ce nashi haƙƙin ya yafe duniya da lahira, kowa ya shaida. Har na zaci an gama. Sai ya ƙara da cewa akwai rabon da ba nashi ba. Rahmatu, wadda ta tara tuwon, shekara ashirin da shida ta yi ana kiranta matar mai sammu. In ta je gidan suna ba a ba ta jariri ta riƙe, in ta kai abinci gidan makoki a bayan katanga ake zubar da shi, kuma ta sani. Ta rasu shekara goma sha biyu da suka wuce, ba ta ga ranar jiya ba. Ya ce wannan ba shi da ikon yafewa, sai na haɗu da ita can. Ba da fushi ya faɗa ba, ya faɗa ne kamar mai gaya wa matafiyi cewa hanya ta lalace a gaba. Sannan ya miƙo mini hannu, na kama da nawa mai ƙarnin kifi, bai janye ba.

Yanzu ga abin da kika tambaya bara. Kakana na wajen uwa, Hamman, an ce ya rame ya makance, tulu ake ajiye mashi a gefen shimfiɗa saboda ƙishirwa. Uwata mai sunanki, tururuwa na taruwa inda ta yi fitsari, muka ce tsufa ne. Ƙanwarta Haulat, ƙafa ce ta tafi da ita, aka ce ciwon daji ne. Sai Bala. Sai ni. A wajen ubana ban san kowa ba. Shekarunsu da abin da na riƙe game da kowanne Saudatu za ta rubuta a takarda daban. Ki sa a auna ki, ki kuma gaya wa mahaifinki ya je a auna shi, don a kwanakin nan ba ya jin tawa.

Ni ma ina da roƙo. An ce in kin gama za ki haɗa littafi, kuma a farkonshi akwai shafin da ake ambaton mutane. Ban san ƙa'idarku ba. In ya halatta, ki sa sunan Rahmatu matar Nu'uman ta Ƙofar Sauri, ki rubuta cewa ita da mijinta alheri suka yi. Ba zai biya ba, na sani. Na tambayi limaminmu ya ce in yawaita mata addu'a da sadaka, sauran na Allah ne. Amma ina so a sami wuri guda a duniya inda aka rubuta sunanta daidai.

Ki gaida mini Malam Salahuddeen, ki ce na gode da haƙurinshi da karatunki. Ki shafa mini kan Lailatu, ki riƙa yi mata Hausa kada ta dawo mu rasa yadda za mu gaisa. Innarki da Ummi ƙanwarki suna gaishe ku. Siddiq ya zo ɗazu ya duƙa ya gaishe ni, ya ce in isar mashi da tashi gaisuwar. Saudatu ma tana gaishe ki, ta ce hannunta ya gaji. Allah ya yi miki albarka, ya sa ilminki ya amfani mutane, ya haɗa fuskokinmu da alheri. In kin ɗaga hannu za ki yi addu'a, ki fara sa Rahmatu kafin ki sa ni.

Wassalam.

Kakanki,
Gwadabe mai kifi